Ruwan Rinina da Rijiyar Yaya Hajo

'Yan matan da ke zuwa gidana koyon rini, kusan dukkansu da magana ɗaya suke shigowa. Wai sun gani a waya, ba wani aiki ba ne: a dama kala a ruwan zafi, a tsoma yadi, a shanya. Nakan bar su su gama. Sannan in ja hannun yarinya zuwa bayan ɗaki, inda durona suke jere, in ce mata nan za ta fara. Wadda ba ta san inda ruwan rini zai tafi bayan an gama aiki ba, ba ta fara koyo ba tukuna. Ni sai da sana'ar ta kusa kuɓuce mani a kan wannan ruwan, shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan hannun da na samu a ajin yaƙi da jahilci.

A Kusada aka haife ni, kuma ubana marini ne na karofi, wato rinin rami, irin na baba da toka. Mata ba su aiki a marina, amma ni ke kai mashi fura, kuma ba ni da saurin komawa gida. Nakan zauna a gindin bedi, wanda Kanawa ke ce ma darbejiya, ina jin yadda muciya ke bugun ruwan karofi. Tun ban iya ɗaura zane da kyau ba na san ƙarar karofin da ya nuna da ta wanda ya mutu. Abin da na fi riƙewa shi ne ba a zubar da komai. In ruwa ya gaji, a kwashe laka ta ƙasan ramin, a cura, a shanya, a ƙone, ta zama katsi. Wani ya koma cikin sabon karofi, wani magina su saye su yi shafen soro da shi.

Da aka kawo ni Kankia, ba a daɗe da yi mana jiha ba, na tarar da wani rini daban a hannun matar wani ma'aikacin hukuma da ta taɓa zama Kano. Ita ba ta da karofi, baho ne da tukunyar ruwan zafi, da sinadarai biyu, kostik da haidiro, da garin kala a ƙulle-ƙulle. Na yi mata ɗauraya da shanya har hannuna ya saba, kafin ta yarda in taɓa ma'auni. Rinin bature ke nan, mai sauri, mai kala iri-iri, wanda mace za ta yi a tsakar gidanta ba ta taka ko zaure ba. Ni kuwa da ma ba mai son fita ba ce, sai ya zo mani daidai.

Aikin farko da na karɓa da sunana shadda ce ta wani dattijo daga Fakuwa. Ya aiko da ita tare da guntun zaren hula, ya ce irin wannan shuɗin yake so, kada ya ɗara kada ya gaza. Wanda bai sani ba zai ga shadda ta fito daga baho kore-kore kamar miyar kuka, ya ce an ɓata kaya. Ba a ɓata ba. Iska ce ke juyar da ita, kana tsaye kana kallo shuɗin zai taso. Sai dai in ka bari wani lungu ya naɗe bai sha iska tare da sauran ba, ya yi dabbare-dabbare, kuma ba mai gyara shi. Haidiro ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kostik kuwa in safar hannu ta huje ba ka sani ba, faratanka za su gaya maka. Bayan rini sai ɗauraya, a zubar, a sake, a zubar, har ruwa ya daina fitar da kala, sannan sitati, sannan a kai ma masu bugu. Dattijon nan ya sa shaddar ya je Juma'a, kuma daga nan Fakuwa ta san ƙofar gidana.

To, ɗaurayar nan ita ce maganar. Yadi ɗaya yakan ci ruwa fiye da wankan mutum uku. Kamar kowace mai rini a lokacin, rami muka haƙa a bayan ɗaki, jikin katanga, muka cika shi da fasassun tubala. Ruwan farko mai ƙarfi da ruwan ɗauraya duk nan suke tafiya, ƙasa ta shanye, ba wanda ya ga komai. Shekara da shekaru haka. Aiki kuma ya yi ta ƙaruwa, ankon biki daga Dudunni, kayan Sallah daga garin Boko, har na kai baho biyar a tsakar gida.

Bayan katangar nan gidan Yaya Hajo ne, mai koko da ƙosai. Ta girme ni, ita ta yi mani wankan jego na fari, kuma rabin unguwa da kokonta suke karyawa. Rijiyarta ba ta da nisa da katangar. Wata safiya ta shigo ba ta ko zauna ba, ta aje mani farin kwano a gabana cike da ruwa. Ruwan ya yi wani launi mai kama da furen ƙaya, tsakanin ja da shuɗi, irin wanda na rina ma matan Dudunni a makon.

Ta ce, "Asabe, wannan kalar taki ce ko ta wani?"

Na duba kwanon, na ce tawa ce. Ba yadda zan yi in ce ba tawa ba ce, don duk Kankia ni kaɗai ke haɗa ta.

Kafin a jima magana ta zagaye unguwa. 'Yan acaba da ke tsayawa wurinta suka fara tsokana, wannan ya ce a ba shi koko mai ruwan goro, wancan ya ce shi shuɗi yake so ya dace da rigarshi. Ita kuwa ta daina taɓa rijiyar tun ranar, ruwan 'yan garuwa take saye, amma wa zai tsaya ya ji wannan? Masu aiko da kwano suka ragu. Maganar ta je gaban mai unguwa, shi kuma ya kira duba-gari. Duba-garin ya leƙa ramina, ya leƙa rijiyar, ya ce a tone ramin a kwashe ƙasar a cike shi, a yashe rijiya, kuma daga ranar kada ɗigon ruwan rini ya sake taɓa ƙasa a gidan nan. In na samu yadda zan yi da ruwan, in kira shi ya gani. In ban samu ba, rini ya ƙare a gidana.

Wannan ya faɗo ana shirin azumi, lokacin da mai rini ke samun abin da za ta ci shekara. Shaddojin da na karɓa na naɗe su farare na mayar ma masu su. Wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka wuce da kayansu Kano ba su ko amsa gaisuwa ba. Malam, maigidana, ya ce ko in koma saƙar hula. Na ce mashi hannun da ya yi shuɗi ba zai riƙe allura ba, rini zan yi, hanyar ce ban gano ba tukuna.

Na gwada ɗora ruwan a amalanke a kai bayan gari, mai gonar da ke kusa ya ce in an sake zai kai ƙara, kuma yana da gaskiya. Na huda ƙasan duro na jera tsakuwa da yashi da gawayi kamar yadda wani ya kwatanta mani. Ruwan ya ɗan yi haske da farko, daga baya yashin ya toshe, abin da ke ɗigowa kuma da kalarshi yake fitowa. Damina ta zo ta wuce bahona suna kife, kaji na kwana a kansu. Yaya Hajo kuwa in mun haɗu a gidan suna, gaisuwa ce kawai a tsaye.

Ana nan sai Rabi, ɗiyar ƙanena, ta zo hutu daga jami'a. Ilmin haɗa sinadarai take karanta, kuma ta riga ta yi digiri ɗaya tana kan na biyu. Tana cin tuwo ina ba ta labari, don ni in na samu mai saurare ba na tsayawa. Sai ta aje cokali ta ce, "Gwaggo, ai wannan shi ne aikin da nake yi a makaranta." Na ɗauka tausayina take ji. Da ta koma ta dawo, sai ga ta da wata kwalba mai baƙin ƙullu a ciki kamar an dama kwalli, da wani baƙin ƙarfe zagayayye da ta ciro daga tsohuwar sifikar rediyo, wato mayen ƙarfe.

Ta ce baƙin ƙullun sunanshi nano, daga sinadarin ƙarfe da ruwan ganyen bedi suke haɗa shi, kuma ƙwayarshi ɗaya ko an tsaga gashin kai sau dubu ba a kai ƙanƙantarta ba. Na tambaye ta amfanin ƙanƙantar. Ta ce in tuna kanwa: dunƙule guda in an jefa a tukunya sai a jira, dakakka kuwa nan take take kama miya, don ko'ina na jikinta yana taɓa ruwa. Shi ma haka, saboda laushinshi yana da jiki mai yawa da kala za ta manne ma. Tun da kuma asalinshi ƙarfe ne, mayen ƙarfe na janyo shi, shi da kalar da ya kama. Ta ɗebi ruwan randa a kofin gilashi, ta ɗiga kala, ta zuba ɗan ƙullun, ta kaɗa, ta jingina ƙarfen a jikin kofin. Ina kallo baƙin ya taru gefe guda kamar tururuwa ta ga sukari, ruwan ya koma garau.

Ban jira komai ba na aika a ce ma Yaya Hajo ta zo ta gani da idonta. Na rina tsofaffin zannuwana don a samu ruwa na gaskiya, na haɗa na farko da na ɗauraya a duro ɗaya kamar yadda muka saba zuba su a rami ɗaya. Yaya Hajo ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Rabi ta zuba ƙullun, muka motsa, muka jira, ta zura ƙarfen. Baƙin ya fito, ruwan kuwa yana nan yadda yake, shuɗi har ba a ganin ƙasan moɗa.

Yaya Hajo ta ce, "To, an ƙara mashi kwalli, ya yi kyau. Sai a kai shi gidan miji." Ta juya ta fita.

Rabi kuwa ta matsa kusa da duron. Ta ciro wata 'yar siririyar takarda ta tsoma a duron, takardar ta rine ta yi duhu. Ta ce ga matsalar: a makaranta da ruwa mai sauƙi suke gwaji, nawa kuwa kostik ya yi mashi yawa, kuma a cikin irin wannan ruwan kalar ba ta yarda ta manne. Abu biyu za a yi. Na farko, a daina haɗa ruwan farko da na ɗauraya. Na farkon kaɗan ne amma shi ke ɗauke da ƙarfin, a gina mashi kwarmin siminti a rana, a rufe da raga saboda kaji, ya bushe can. Na ɗauraya shi ne mai yawa, shi za a yi ma magani. Na biyu, sai an karya sauran kostik ɗin da wani abu mai tsami kafin a zuba ƙullun. Irin ruwan asid da suke amfani da shi a makaranta ta ce ba za ta kawo shi gidan da jikoki ke rarrafe ba.

Muka gwada tsamiya, ta yi aiki a bokiti. Lemon tsami ma ya yi. Amma mai cika duro kullum, in ta ce da tsamiya za ta yi, ribar rinin a wurin mai tsamiya za ta ƙare. Rabi ta koma makaranta ta bar mani kwalbar da takardun gwajin, ta ce in yi ta tunani, ita ma za ta yi.

Ni dai Allah ya ba ni kunne. Ina daga cikin ɗakina nakan san wa ya shigo gidan maƙwabta da jan takalminshi. Kullum bayan asuba akwai wata ƙara da nake ji ta bayan katanga, shaaa, sannan a dangwarar da roba. Shekaru ina jin ta ban taɓa kula ba. Wata safiya ina lazimi na ji ta, sai na tsaya. Yaya Hajo ce ke tsiyaye ruwan da ya kwanta a kan gasararta, ruwan tsamin nan da ke sa haƙori ya mutu, tana zubarwa a kwata. Na kira Rabi a waya na tambaye ta ko tsamin gero tsami ne a wurinsu. Ta yi dariya ta ce tsami ne mana, sai dai ba shi da ƙarfi sosai, in gwada a ruwan ɗauraya in ga abin da takarda za ta ce.

Zuwa gidan ya fi mani duk aikin da na yi a shekarar nauyi. Na sa mayafi na zagaya ta ƙofa, na same ta tana tuyar ƙosai. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ci gaba da juya ƙosanta.

Ta ce, "Kin shanye mani rijiya, yanzu kuma ruwan kwatata kika biyo?"

Na ce, "Shi na biyo, Yaya. In bai yi ba, ba za ki sake jin warin haidiro ta katangar nan ba, na yi maki alkawari."

Ta kwashe ƙosan, ta nuna mani robar da ludayi. Ta ce in ɗauka, amma in sani ba don ni ta bayar ba, don rijiyarta ta bayar.

Yadda nake yi har yau, haka na yi a ranar. Ruwan ɗauraya zalla a duro. In riƙa zuba ruwan tsami ina motsawa ina tsoma takarda, har ta bar duhu ta dawo launin da Rabi ta nuna mani. In bar shi ya huta ya sha iska, wata kalar ma da kanta take kwantawa. Sannan in zuba ƙullun in buga da muciyar ubana, wadda na ɗauko daga Kusada bayan rasuwarshi ba tare da na san amfanin da za ta yi mani ba. In sa mayen ƙarfen cikin leda mai kauri, in ɗaure da igiya, in zura ina zagayawa a hankali. Yakan fito da baƙin gemu, kalar duk a jikinshi. In zare ƙarfen daga ledar a kan wata roba, baƙin ya zube. Ranar farko sai da na zura sau da yawa kafin na ɗebo ruwan a moɗa na hango ƙasanta.

A nan ne yara ke ruɗuwa, shi ya sa nake ja masu kunne. Ruwan ya yi fari, amma ba na sha ba ne, ba na alwala ba ne, ba a ba akuya. Rabi ta maimaita mani wannan har na ce mata na haddace. Komawa yake yi cikin aiki, a yi ɗaurayar farko da shi, sai ga shi ruwan da nake saye ma ya ragu. Ƙullun kuma ba a barin shi ya bushe ya zama ƙura a shaƙa, kullum a jiƙe yake. Wanda ya sha kala Rabi na karɓa ta wanko shi a makaranta ya sake aiki, har ya gaji. Da ta rasa inda za a kai gajiyayyen da busasshen dattin kwarmin siminti, na ba ta labarin katsi. Ta tambayi malamanta, suka ce a gwada cuɗa shi cikin siminti a buga bulo, a jiƙa bulon a ga ko zai saki kala. Bai saki ba. Da irin bulon nan aka ɗaga katangar bayan ɗakina.

Duba-gari ya zo ya tsaya tun daga tsoma yadi har fitar mayen ƙarfe. Ya leƙa inda ramin yake da, ya ga an cike an yi daɓe. Ya ɗebi ruwan duro da na rijiyar Yaya Hajo a kwalabe ya tafi da su. Ni ya ce in ci gaba, amma zai riƙa leƙowa ba sanarwa, kuma yana leƙowa. Rijiyar kuwa ba ta warke da wuri ba. An yashe ta, ta sake kawo ɗan launi, aka sake yasa, sai da wata daminar ta wuce kafin ya ce a iya amfani da ita. Duk tsawon lokacin nan kullum da safe ina zagayawa da robata, Yaya Hajo ta cika mani, mu gaisa a taƙaice. Daga baya ta ce zagayen ya isa, ta sa aka huda katanga aka zura bututu daga wurin gasararta zuwa bakin durona.

Aikin ya ƙaru, ba zan ɓoye maku ba. Da in na shanya yadi na gama, yanzu rabin yinin bayan ɗaki nake yin shi. Ranar da Yaya Hajo ba ta jiƙa gero ba, ni ma ba na kunna wuta. Masu kayan da suka tafi Kano wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Cikin 'yan matan da ke zuwa koyo, da yawa in sun ga duro da igiya da takarda ba su sake dawowa. Waɗanda suka jure su nake nuna ma ma'aunin kala.

Safiyar da aka buɗe rijiyar, Yaya Hajo ta shigo da farin kwanon nan dai, ta aje a gabana. Na duba, ba komai sai ƙasan kwano. Ta ɗauka ta kurɓa, ta miƙo mani na kurɓa. Sannan ta zaro wani farin yadi daga ƙarƙashin mayafinta ta jefa mani a cinya.

Ta ce, "Ki rina mani. Kalar nan da kika zuba mani a rijiya nake so, don ko a ranar da nake zaginki a zuci na ga ta yi kyau."

Na ce mata sai ta tsiyayo gasara tukuna. Ta ce in je in tara duro, ga shi nan tafe.